Tirelar kwanan daji mai sola: za ta yi wa mafarautanmu aiki kuwa?

Dan_Dawa_Sumaila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana ta yawo da bidiyon wasu ƙananan tireloli da maharban Amurka da Ostareliya ke ja da mota su shiga daji, tanti a sama, farantin sola, firji, tankin ruwa, duk a kan taya biyu. Yanzu ƙungiyoyin farauta a nan wajenmu sun fara tuntuɓar masu walda ko za a ƙera musu irinta kafin rani ya kama. Masana ku taimaka. In aka ƙera ta a gida za ta jure dajinmu? Kuma sola mai ƙarfin nawa za ta ishi mutum takwas da karnukansu kwana bakwai, har da firjin ajiye nama?

Injiniya_Sola_Dutse:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi maganar faranti, a fara lissafa abin da za a ci a wuni. Ƙwan fitila huɗu masu wat 5, awa shida, ya kama wat-awa 120. Cajin waya goma, kamar 150. Batiran fitilar goshi, a ce 130. Fanka ƙarama mai wat 15 ta kwana tana juyawa awa takwas, 120. Firji mai lita 45 irin mai aiki da 12V kai tsaye, a zafin Maris da Afrilu zai sha wajen 600. Jimla kamar 1,100 ke nan. Faranti kuma ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa, don a zafin digiri 25 aka auna shi, namu kuwa da tsakar rana gilashin yana haura 60. Ga ƙura, ga asarar waya. Saboda haka ka ɗauki wat ɗin farantin, ka ninka da awa biyar, ka ɗauki kashi 70 cikin ɗari. Wat 300 zai ba ka 1,050, bai kai ba. Wat 400 zai ba ka 1,400, shi ne daidai. Batir kuma litiyam irin LiFePO4 mai 12V 200Ah, kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin da faranti ke ba batir, irin MPPT mai amf 40.

Baba_Maharbi:
Yaro, kafin lissafin nan naku, wa ya ce muku naman daji firji yake so? Banda ake yi masa. A feɗe, a tsaga, a sa gishiri, a ɗora a kan gadon itace, wuta a ƙasa ba mai harshe ba. Kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyafu, ya yi sati bai ce komai ba.

Injiniya_Sola_Dutse:
Baba, ranka ya daɗe, lissafi ma bayanka yake bi. Ƙaramin firjin nan aikinsa riƙe sanyin abin da ya riga ya yi sanyi. In ka zuba masa nama kilo 20 da ɗuminsa, sai ya yi wajen awa goma sha biyu injinsa bai huta ba kafin ya sauko da shi digiri 4, kuma na tsakiyar tulin shi ne na ƙarshen yin sanyi, shi ne zai fara wari. Daskarar da shi kuwa a ajiye wannan maganar, sai an ƙara fiye da ninki biyu na wancan aikin. Firjin ya tsaya a ruwan sanyi, magani, da zabbi ko fakara 'yan kaɗan da aka fige aka bari suka huce a inuwa.

Mai_Walda_Wudil:
Ku kuna ta sola, alhali sola ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke kashe tirela firam ne. Bututu mai kusurwa huɗu 50 da 50, kaurin milimita 3, shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi gindi da shi. A kasuwar Kofar Ruwa ta Kano kada ka yarda da kaurin da aka faɗa maka da baki, ka sa a ɗora a sikeli. Na gaskiya kowace mita tana kai kilo huɗu da 'yan kai. In ka ga kilo biyu da rabi, na ƙofar shago ne aka ba ka. Sannan wuyan da ake jan ta da shi, kada a liƙa shi a goshin firam kamar yadda yara ke yi. Ƙarfe biyu za a yi, su haɗu a gaba kamar baki, su wuce ta ƙarƙashin firam har inda sifirin ya fara. A yi waldar a gefe da gefe bisa tsawon ƙarfen, kada a gitta ta a samansa, don daidai layin da aka gitta nan yake tsagewa in ya sha girgiza. Sandar walda geji 10.

Bakanike_Gumel:
Na yarda da Mai Walda, sai dai ya bar maganar sifirin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko sifirin ɗin bayan Hilux a sa wa tirelar da duk nauyinta bai wuce kilo 700 ba. Ba zai lanƙwasa ba sam, tirelar sai ta riƙa tsalle kamar akuya, duk girgizar ta tafi kan batir da gilashin faranti. A zare ganye biyu ko uku daga ciki, ko a nemi na ƙaramar a-kori-kura, a haɗa da shoka. Kuma a yi ƙoƙari ramin notin wilinta ya zo ɗaya da na motar da za ta ja ta. In Hilux ce mai noti shida, a sa mai noti shida, taya girma ɗaya, faɗin ƙafa ɗaya. Safaya ɗaya ta yi wa duka biyun aiki, kuma a rairayi tirelar ta bi sawun da motar ta riga ta danne maimakon ta haƙa nata.

Abu_Kurkura:
Tambaya dai, mafarauta nawa ne a ƙauye ke da Hilux? 😂 Mu faɗa wa juna gaskiya.

Malamin_Gandu:
Tambayar Abu tana kan hanya, kuma ya kamata a san dalilin da ya sa kasuwar abin ta buɗe a can. A Amurka akwai filayen gwamnatin tarayya da kowa ke da damar shiga, hukuma ɗaya kawai mai suna BLM tana riƙe da wajen eka miliyan 245, yawanci a yammacin ƙasar. A mafi yawansu mutum zai iya kafa sansani kyauta har kwana 14, ba wuta ba famfo. Lokacin farautar manyan dabbobi kuma kaka ne zuwa shigowar sanyi, da lasisi da adadin abin da aka yarda ka harba. Maharbi zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da motarsa, yana son ɗaki mai ɗumi, ba ya son janareto saboda ƙara da ɗaukar fetur. Shi ya sa ake sa wa batiransu abin ɗumamawa, don litiyam ba ya karɓar caji in sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Kun ga wani kaso na kuɗin tirelar tasu yaƙi da sanyi ne. Mu kuwa abokan gabarmu zafi ne da ƙura da ƙaya. Wanda ya kwafo ta yadda take ya sayi maganin ciwon da ba shi da shi.

Injiniya_Sola_Dutse:
Malam ya taɓo inda ke ƙaiƙayi. Yawancin batiran litiyam iyakar zafin da aka yarda a caja su digiri 45 ne. Akwatin ƙarfe baƙi a rana a Haɗeja cikin Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Batirin ya zauna a ƙasa kusa da aksul, akwatin a yi masa farin fenti, a liƙa soso ko katako ta ciki, a huda ƙofar iska biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, a toshe su da soson tace iska irin na babur wanda za a riƙa cirewa ana kakkaɓewa. Kwantirola ma tana rage ƙarfinta da kanta in ta yi zafi, sai ka ga rana tsaka amma caji ba ya shiga yadda ya kamata.

Sani_Batir:
Me ya sa kowa ya raina tubula, batirin nan da ake zuba wa ruwa? Ya fi araha, kuma ko a Gaya ko Ringim za ka samu mai duba maka shi.

Injiniya_Sola_Dutse:
@Sani_Batir ba raini ba ne, wurin zamansa ɗaki ne. Tubula 200Ah yana kai kilo 60, kuma rabin abin da ke cikinsa kawai za ka ci in kana son ya yi shekaru. Litiyam 100Ah kilo 12 ne ko 13, kuma abin da za ka ci a cikinsa ya yi kusan daidai da na wancan tubulan. Ga ruwan batir da ke fantsalowa a gargada ya cinye firam da kan waya. In kuɗi bai kai litiyam ba, a sayi busasshen batir wanda ba a zuba wa ruwa, a ɗaure shi da ƙarfe a kan roba. Wanda kuma ya sa litiyam ya tabbata ya canza saitin kwantirola, cajin ya tsaya tsakanin 14.2 da 14.6. In aka bar ta a saitin tubula, lokaci lokaci tana tura wuta sama da 15, sai na'urar kariyar batirin ta yanke, mutum ya ɗauka batirin ne ya mutu.

Gwanin_Karnuka:
Duk ba wanda ya yi maganar ruwa, kuma shi ne kaya. Lita ɗaya kilo ɗaya. Mutum mai yawo a rana yana shan lita biyar, ban da girki da alwala. Kare mai gudu a rani zai sha lita biyu ko fiye. Mutum takwas da kare goma, in an haɗa da girki da alwala, ka ga lita 80 ta tafi a wuni. Kwana bakwai ya wuce lita 500, wato ya kusa nauyin tirelar gaba ɗaya. Ba tirelar da za ta ɗauki wannan. Jarka takwas masu lita 25 ita ce iyaka, sauran sai a yi zango kusa da rijiya ko rafi a riƙa ɗebowa da babur. Jarkoki sun fi tanki ɗaya, don rabin tanki yana kaɗawa yana jan tirelar gefe, kuma in ya huje ruwanka duka ya tafi.

Mai_Walda_Wudil:
Madalla da Gwani. Ga yadda nauyin zai kasance: firam da aksul da tayoyi kamar kilo 250, jiki da rumfa 100, ruwa 200, batir da faranti 50, abinci da tabarmi da tukwane 100. Kilo 700 ke nan, kafin a sa naman dawowa. A Ostareliya da aka ambata, tirelar da ta haura kilo 750 doka ta ce sai da birkinta na kanta. Ba don wasa suka sa wannan iyakar ba, a gangara tirela mai nauyi marar birki ita ke tura mota. Wajen lodi kuma, jarkokin su hau daidai kan aksul ko ɗan gabansa kaɗan, yadda kamar kashi goma cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan ƙugiyar mota. In baya ya fi nauyi, da an kai gudun 60 za ta fara wutsiya.

Bakanike_Gumel:
Ƙugiyar ma a kula. Mai ƙwallo ta titi ce, in mota ta faɗa kwari tirela tana tudu sai ta ƙure ta ɓalle ko ta murɗe wuyan. Zobe da ƙugiya irin ta tarakta ta fi, ko da tana ƙara. A sa sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyan.

Yar_Birniwa:
Ni dai ina karatu ina dariya. Tirelar da ta fi kowace jure jigawa tana nan a ƙofar gidan kowa, amalanke. Daga Birniwa zuwa Maigatari da Sule Tankarkar, inda mota ke kafewa shanu wucewa suke. Ba sifirin, amma tafiyar shanu ba ta girgiza kaya kamar gudun mota. A yi akwati ɗaya wanda mutum biyu za su iya ɗagawa, batir da kwantirola da wurin caji a ciki, faranti biyu a naɗe da tabarma. Yau a amalanke, gobe a kurkura, da damina a gida yara su yi karatu da shi. Me ya kawo sai an ƙera sabuwar tirela?

Abu_Kurkura:
Hajiya ta gama magana. Kurkura ma tana yi in ƙasa mai tauri ce, amma a yashi tayar gaba ke nutsewa. Babur Boxer kuwa kada a wahalar da shi, ƙaramar tirela a bayansa da jarka huɗu ya isa ya cinye kulocinsa.

Dan_Dawa_Sumaila:
Hajiya, amfanin tirelar ba wuta kaɗai ba ne. Akwai kwanciya a sama.

Ma'aikacin_Lafiya_Kazaure:
Wannan gaskiya ne, kuma ya fi firji muhimmanci. Kububuwa da kasa da kunama duk a ƙasa suke, kuma da dare suke fita. Kwanciya a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, tana rage haɗarin sosai. Fitila ɗaya a bar ta tana haska ƙasa inda ake taka ƙafa in an sauko, takalma a rataye su, a zazzage kafin a sa. Amma kada wani ya ce tunda akwai firji zai sayi allurar dafin maciji ya ajiye a daji. Ta jijiya ake ba da ita, kuma tana iya tayar wa mutum da abin da sai a asibiti za a iya shawo kansa. In sara ya faru, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a kwance tirelar a bar ta nan, mota ta tafi asibiti da mutum.

Baba_Maharbi:
Mutum takwas ba za su kwanta a kan tirela mai taya biyu ba, sai dai a jera su kamar itace.

Mai_Walda_Wudil:
Haka ne Baba, Allah ya ƙara girma. Biyu ne za su hau sama. Sauran a yi musu gadajen ƙarfe masu naɗewa, rumfar tamfol ta fito daga gefen tirelar a kan sanduna.

Injiniya_Sola_Dutse:
Bari in dawo kan faranti, don shawarar Hajiya ta warware wata matsala da masu ƙerawa ba sa hangowa. In ka kafe faranti a rufin tirela, dole ka ajiye ta a rana, mutane da batir da firji duk su gasu. In ka kai ta gindin tsamiya ko gawo, kuma gawo da rani ne yake da ganye, caji ya tsaya. Inuwar reshe ɗaya a kan faranti tana iya zubar da fiye da rabin wutarsa. Mafita ita ce faranti biyu masu wat 200 waɗanda ake saukewa, tirela a inuwa, su a fili, da waya mai tsawon mita goma. A haɗa su a jere, wutar ta hau wajen 36 zuwa 40V a kan amf 10, sai waya mai kaurin 6mm² ta ɓatar da abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. In aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa a 18V, asarar sai ta ninka har sau huɗu a waya ɗaya. Wannan haɗin na jere sai da MPPT, ƙaramar kwantirola PWM ba za ta amfana da shi ba. A Disamba da Janairu rana tana karkata kudu, a jingina su suna kallon kudu kamar digiri 25 zuwa 30. Daga Afrilu kusan a kwance. A goge su kowace safiya da busasshen ƙyalle mai laushi, lokacin hazo har sau biyu. Kada a watsa musu ruwan sanyi da tsakar rana. Wajen tafiya kuma a tsaye a gefensu, da soso tsakani, ba a kwance da kaya a kai ba, don tsagar da ke kashe faranti ido ba ya ganinta.

Sani_Batir:
Inbata fa? Wace za a sa?

Injiniya_Sola_Dutse:
Ba a buƙatarta. Inbata mai 1kVA ko ba a jona mata komai ba tana shan wat 15 zuwa 25, a wuni da kwana tana iya cinye kusan abin da firji ke ci. Fitila, fanka, firji, cajin waya duk akwai masu 12V. Abin da ba a tsallakewa shi ne fiyus a jikin batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba daga kansa, da wani ƙarami ga kowane layi. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, girgiza ke sa ƙarfen ya yanke ta. A kankare bakin waya kafin a saya, in cikin fari ne to alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. Wajen haɗawa batir ake fara jonawa a kwantirola sannan faranti, wajen kwancewa faranti ake fara cirewa.

Malamin_Gandu:
Akwai abin da ya fi waya. Ina za a kai tirelar? Falgore gandun dabbobi ne, ba a farauta a cikinsa. Haka Baturiya a Kirikasamma, inda tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai ke sauka da hunturu. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da su biyun cikin sabbin gandayen ƙasa guda goma. Mai tafiya a ƙafa yana iya cewa ya ɓata hanya, mai tirela da fitilu ba shi da wannan uzurin. Sannan bindigar toka ma tana da lasisi. Duk mai shirin doguwar tafiya da tirela rufaffiya, karnuka da bindigogi a ciki, ya tuna 'yan uwanmu goma sha shida da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025, Allah ya jiƙansu. Katin ƙungiya, lasisi, takardar Sarkin Baka da ta mai gari, a sanar da ofishin 'yan sanda na inda za a sauka, sunan ƙungiya a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin tirelar.

Gwanin_Karnuka:
Amin ya Allah. Kuma kada a rufe karnuka a akwatin ƙarfe a bayan mota, zafi da hayaƙin salansa za su kashe su kafin a isa. Keji na raga, rumfa a sama, a gaba ta inda iska ke bugowa.

Bakanike_Gumel:
Amin. Ƙarin abu biyu kan tafiya. A rairayi a rage iskar taya zuwa psi 18 ko 20, ta mota da ta tirela duka, amma a tafi da famfon iska mai 12V don a mayar in an hau titi, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe. Kuma taya mai ƙarancin iska gefenta ke buɗewa ga ƙayar aduwa da kututturen da aka sare, don haka kayan faci dole ne. Boris kuma, bayan kilomita ashirin na farko a tsaya a taɓa cibiyar wili. Ɗumi ba laifi, in ba ta taɓuwa an ɗaure notin da yawa ko giris ya yi kaɗan. Masu nufar fadamun Auyo da Guri su bari cibiyar ta huce kafin su shiga ruwa, mai zafi tana zuƙo ruwa da laka ciki. A ajiye boris na safaya riga an cika shi da giris a cikin leda.

Baba_Maharbi:
Ku share ciyawa taku goma ko'ina kewaye da inda kuka ajiye ta. Wutar daji da iskar hunturu ba ta jiran a nemo makullin mota. Gadon banda kuma ya zauna ta inda iska ke tafiya, nesa da faranti, hayaƙi mai maiƙo in ya kama gilashi ƙyalle ba ya fitar da shi.

Dan_Dawa_Sumaila:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin da na fahimta, masu mota su yi tirelar, marasa mota su yi akwatin Hajiya. To in an cire firji, akwatin zai koma nawa?

Injiniya_Sola_Dutse:
Ba firji, cin wuni ya dawo wajen 520. Faranti ɗaya mai wat 200, litiyam 100Ah, kwantirola amf 20. Duka bai kai kilo 35 ba har da akwatin in na katako ne. Da damina in za a ajiye shi ba aiki, litiyam a bar shi da rabin caji a cire masa waya, busasshen batir kuwa a bar shi cike ana ɗan caja shi duk wata.

Mai_Walda_Wudil:
Katako gara za ta ci a zango, kuma ɓera zai shiga ya ci waya. Firam na siririn ƙarfe, jiki na alminiyon, katakon ya zauna ta ciki.

Yar_Birniwa:
Alminiyon a rana? Ai mun koma maganar zafin batir ke nan. Injiniya, kai za ka raba wannan gardamar.

Abu_Kurkura:
Kafin ya zo, wa ya san faɗin amalanken shanu na Maigatari daga taya zuwa taya? Ina so in ga ko akwati ɗaya zai zauna a ciki kuma ya shiga bayan kurkura ba tare da an cire jarkoki ba.